Karatu da Insha'i a Shekarar Farko ta Kwaleji: Tarihin Sharuɗɗan da Ake Gindaya wa Ɗalibi, Tare da Duban Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram

Gabatarwa



Duk ɗalibin da Allah ya ba shi shiga kwalejin ilmi a ƙasar nan, ko wane fanni ya zo karantawa, akwai darasi guda wanda ba makawa sai ya yi shi, watau darasin karatu da insha'i da ake koyarwa cikin Ingilishi a ƙarƙashin sashen nazarin gama-gari. Tun a makon farko akan karanta masa sharuɗɗa. Sai ya halarci aji aƙalla kashi 75 cikin ɗari kafin a bar shi ya zauna jarrabawa. Ayyukan aji suna da maki 40, jarrabawar ƙarshen zango tana da 60. Idan bai ci ba zai maimaita, kuma ba za a ba shi shaidar NCE ba sai ya sauke wannan nauyi. Abin da ake sa rai daga gare shi kuwa shi ne ya iya karanta rubutu mai tsawo ya tsamo gundarin maganar da ke ciki, ya taƙaita ta, sa'an nan ya iya rubuta insha'i nasa na kansa, mai mabuɗi da gangar jiki da marufi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu wani ɗalibi ne da na taɓa koyarwa, mutumin Basirka ta ƙasar Gwaram, can kusa da iyakar Jihar Bauchi. Mahaddacin Alƙur'ani ne, kuma ban taɓa ganin mai kyan hannu kamarsa a ajin ba. Na ba su aikin shafi ɗaya a kan kasuwar garinsu. Da ya kawo nasa sai na tarar layi biyar ne, huɗu daga ciki kuwa daga wani littafin sakandare ya kwafo su, suna bayanin wata kasuwa da ba ta da suna. Na kira shi ofis na tambaye shi da Hausa yadda kasuwarsu take ci. Wajen rabin sa'a yana yi mini bayanin dillalan hatsi, da yadda farashin gero ke faɗuwa da kaka ya tashi da bazara, da yadda ake cinikin shanu a kara. Da ya gama na ce masa, "To, me ya hana ka rubuta wannan?" Ya ce, "Malam, ai ban san irin wannan ma ana rubuta shi ba."

Wannan takarda za ta bi sawun sharuɗɗan darasin nan tun daga tushe. Abin da nake son in nuna shi ne, a duk lokacin da koyar da insha'i ya yi nasara a Arewa, akwai abubuwa uku da suka haɗu: ɗalibi ya fara rubutu da harshen da yake tunani da shi, yana da abin karantawa a hannu, kuma akwai malamin da zai duba abin da ya rubuta ya mayar masa. Sharuɗɗan da ke kan takarda sun yi ta ƙaruwa, su kuwa waɗannan ukun suna ta raguwa.

Gadon da Turawa suka tarar

Kafin zuwan Turawa ƙasar Kano ta daɗe da karatu, kuma sashenta na gabas da kudu, inda Birnin Kudu da Gwaram suke, cike yake da tsangayu har gobe. Matakan makarantar allo sanannu ne. Yaro yakan fara da babbaƙu, ya wuce farfaru, sa'an nan ya shiga haɗa baƙi, ya yi ta wanke allo har ya sauke. Wanda ya zurfafa ya yi hadda, idan ya ƙware ya yi satu, watau ya rubuta Alƙur'ani da ka ba tare da duba wani ba. A makarantar ilmi kuma almajiri yakan ɗauki Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, ya haɗa da Ajuruma don nahawu, yana biyawa malam yana fassara masa kalma bayan kalma. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar mana littafinsa Ida'un Nusukhi, inda ya jera malamansa da littattafan da ya karanta a wurinsu, kuma duk mai son ya ga abin da ake nema ga ɗalibin ilmi a wancan zamani, to, can zai duba.

Sharaɗin wannan tsari guda ne, kuma mai tsanani: kada ka ƙara, kada ka rage. Wasali ɗaya idan ya kauce, an ɓata. Saboda haka rubutu a wannan mataki kwafi ne, kuma darajar marubuci tana ga amanarsa. Ba wai babu talifi ba ne. Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello da 'yarsa Nana Asma'u sun wallafa littattafai da waƙoƙi masu yawa, kuma magatakardan sarakuna suna tsara wasiƙu da Larabci. Amma fa talifi aikin wanda ya kai ne, yana zuwa a ƙarshen tafiya bayan shekaru masu yawa. Ba a taɓa cewa almajirin da ya fara Ahalari jiya ya zauna ya rubuta ra'ayinsa a kan wani abu ba, kuma da zai yi, da an ɗauke shi marar kunya. Wannan tarbiyya ce ɗalibina ya zo da ita, kuma kuskure ne babba malamin kwaleji ya kira ta jahilci. Ƙwarewa ce a wani irin rubutu dabam da wanda muke nema.

Daga Nassarawa zuwa Katsina

A shekarar 1909 ne Hanns Vischer, wanda Hausawa suka yi wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano. Da Hausa ake koyarwa, cikin rubutun boko, kuma a 1912 ya buga ƙa'idojin rubuta Hausa da baƙaƙen Rumawa. Abin da gwamnati ke nema ga ɗalibi a lokacin ba shi da yawa: ya iya karanta takarda, ya rubuta wasiƙa da rasit, ya riƙe littafin haraji na En'e. Tun daga nan aka kafa wata al'ada wadda ba ta bar mu ba, watau mai ɗaukar aiki shi ke yanke irin rubutun da za a koya.

Kwaleji ta farko a Arewa ita ce Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, wadda ta fara aiki a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta bisa al'ada a watan Maris na 1922. A nan ne aka fara neman ɗan Arewa ya yi karatu da rubutu da Ingilishi a matakin gaba da makarantar lardi. Ya kamata mu lura da yadda aka yi abin. Karatun shekara biyar ne, ɗaliban kuwa zaɓaɓɓu ne daga larduna, 'yan kaɗan a kowace shekara, duk suna kwana a makaranta. Malami ya san sunan kowa da irin kuskuren kowa. An ba furuci da karatu a bayyane muhimmanci ƙwarai, kuma tsofaffin ɗalibai sun riƙa ambaton wani malami mai suna Gerald Power a kan wannan fanni. Sakamakon haka shi ne irin Ingilishin da aka ji a bakin Sir Ahmadu Bello, wanda ya yi kwalejin daga 1926 zuwa 1931, da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya yi ta daga 1928 zuwa 1933. Daga baya aka mayar da kwalejin Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau.

Daga 1930, a zamanin Daraktan Ilmi E. R. J. Hussey, aka shimfiɗa tsani mai hawa uku: Elementare, inda ake koyarwa da Hausa, sai Midil, inda Ingilishi ke shigowa sosai, sai kwaleji. Yaron da ya fito daga wata gunduma ta Lardin Kano ya kai kwaleji a wancan zamani ya riga ya yi shekara huɗu yana shifta da rubuta gajerun labarai da harshen da ya sani. Ya san mene ne jimla da aya da sakin layi tun kafin a ce ya yi su da Turanci. Ba na nufin in yabi tsarin Turawa gaba ɗaya, domin tsani ne siriri ainun, kuma da gangan aka sirance shi. Mafi yawan yaran karkara ba su ko taka matakinsa na farko ba, 'ya'ya mata kuwa sai dai a yi shiru. Makarantar gwamnati da aka kafa a Birnin Kudu tun zamanin Turawa, wadda ta zama Kwalejin Gwamnati, ta kusanto da boko ga wannan yanki, amma ɗalibanta daga ko'ina cikin ƙasar Kano suke zuwa. Abin da nake nufi kawai shi ne, wanda ya sami hawa tsanin, kowane mataki ya shirya shi don na gaba.

Abin karantawa

Turawan ilmi sun gane da wuri cewa an koya wa mutane karatu amma babu abin da za su karanta. Don haka aka kafa Hukumar Fassara a 1929, wadda ta koma Hukumar Talifi a 1933 a Zariya, ƙarƙashin Rupert East. A shekarar ce East ya zaga manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai su shiga gasar rubuta ƙagaggun labarai. Shi da kansa ya bayyana daga baya irin wuyar da ya sha wajen gamsar da su cewa mutum ya ƙaga labari ya rubuta aiki ne da ya dace da malami, domin a ganinsu tatsuniya ta mata da yara ce, rubutu kuwa na addini ne da sha'anin mulki. Duk wanda ya kwatanta wannan da amsar da ɗalibina ya ba ni zai ga cewa matsala ɗaya ce, ko da yake shekaru kusan casa'in ne tsakani.

Daga wannan yunƙuri aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East. A nan akwai abin lura wanda ba a cika faɗa ba a tarurrukanmu. Imam da Ɓalewa duka tsofaffin ɗaliban Katsina ne, kuma a lokacin gasar duka malaman Midil ne, ɗaya a Katsina ɗaya a Bauchi. Bello Kagara kuwa ya koyar a kwalejin kanta. Ke nan mutanen da aka fi horarwa da Ingilishi su ne suka fi iya zube da Hausa. Harsunan biyu ba su yi kishi a alƙalaminsu ba. Wanda ya iya tsara magana a ɗaya, ya ɗauki dabarar ya kai ɗayan.

Magana Jari Ce, wanda Imam ya rubuta a Zariya aka buga shi littafi uku tsakanin 1937 da 1939, an shirya shi ne musamman don karatun makaranta. A watan Janairu na 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito, Imam na edita. A ganina filin wasiƙun wannan jarida shi ne ajin insha'i mafi girma da aka taɓa yi a Arewa. Malamin Elementare ko malamin haraji a ƙauye yakan zauna ya tsara kokensa, ya san edita zai duba, ya san dubban mutane za su karanta, saboda haka dole ya tsaya ya zaɓi kalma. Da aka shiga Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, hukumar NORLA, wadda ta yi aiki har 1959, ta buga ƙananan littattafai masu araha da jaridun larduna, kamar Sodangi ta Kano da Zumunta ta Bauchi da Himma ta Katsina. Mutumin Gwaram na wancan zamani, idan ya iya haɗa baƙin boko, yana iya samun abin karantawa da harshensa a kan ɗan kuɗi kaɗan.

Inda darasin ya samo asali

Shi darasin shekarar farko, irin wanda muke koyarwa yanzu, ba daga Ingila ya zo mana ba. Jami'o'in Ingila sun ɗauka cewa duk wanda ya iso gare su ya riga ya iya rubutu tun daga sakandare. Asalinsa Amurka ne. A 1874 Jami'ar Harvard ta sa rubuta insha'i cikin jarrabawar shigarta, sai fiye da rabin masu nema suka kāsa, alhali kuwa 'ya'yan masu hali ne daga zaɓaɓɓun makarantu, kuma Ingilishi harshen iyayensu ne. Zuwa 1885 jami'ar ta mayar da insha'i darasin tilas ga 'yan shekarar farko, sauran jami'o'i suka bi. Na kawo wannan ne don malaman da ke ganin ɗalibanmu ne farkon waɗanda suka iso kwaleji ba su iya rubutu ba. Darasin nan tun ranar da aka haife shi gyaran ɓarna ne.

Jami'ar Nijeriya ta Nsukka, wadda aka buɗe a 1960 da taimakon Jami'ar Jihar Michigan, ita ta fara shigo da nazarin gama-gari ƙasar nan, da darasin amfani da Ingilishi a cikinsa. A shekarar ce kuma Kwamitin Ashby ya miƙa rahotonsa, wanda daga shawarwarinsa aka sami manyan kwalejojin horon malamai masu ba da shaidar NCE, irin wadda aka buɗe a Zariya a 1962, shekarar da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello. A 1964 rahoton Grieve ya ba hukumar jarrabawar Afirka ta Yamma shawarar a riƙa jarraba Ingilishi a matsayin harshe na biyu, kuma daga nan tambayoyin canki-canka a kan kalmomi da ginin jimla suka sami gindin zama kusa da insha'i da auna fahimta da taƙaitawa. Shawarar tana da hujja, domin ta rage son zuciyar mai ba da maki. Sai dai ta buɗe wata ƙofa da za mu ga inda ta kai mu.

Bayan 1976

A watan Satumba na 1976 aka ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, watau UPE. An yi shirin karɓar yara miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai ga wajen miliyan 3 sun bayyana. Ga garuruwa irin Basirka da ƙauyukan da ke kewaye da ita, wannan shiri alheri ne wanda ba mai musunsa, domin shi ya kai allon bango inda bai taɓa zuwa ba. Amma malamai ba su isa ba. Aka shiga horon gaggawa, aka ɗauki waɗanda su kansu ba su daɗe da barin firamare ba aka ba su alli. A wannan zamani ne aka buɗe kwalejin horon malamai ta Gumel, wadda ta zama kwalejin ilmi ta Jihar Jigawa bayan an cire jihar daga Kano a ran 27 ga Agusta, 1991.

Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a wurin, daga baya a koma Ingilishi. Magana ce mai kyau, kuma gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida, ya ƙarfafa ta. To, amma abin da ya auku a aji dabam ne. Littattafan lissafi da kimiyya da Ingilishi aka rubuta su, jarrabawa da Ingilishi ake yin ta, sai malami ya koma yana kwafe darasi a allo da Turanci yana bayani da Hausa, yara suna kwafewa a littafi. Yaro ya gama aji shida bai rubuta labari ɗaya da Hausa ba, balle da Ingilishi. Kada kuma mu manta a wannan yanki akwai yaran da Fulatanci ko Warjanci suka fara ji a gida, waɗanda Ingilishi harshe na uku ne gare su. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar koyarwa da harshen uwa har aji shida, a 2025 kuma aka sanar da soke ta. Tsakanin shekarun nan, ni dai a ajina, ban ga alamar wata daga cikin sanarwar biyu ta canza abin da ɗalibi ke zuwa da shi ba.

Daga ɓangaren sharuɗɗa kuwa, ƙofa ta yi ta ƙara makullai. An kafa hukumar JAMB a 1978, an kafa Hukumar Kula da Kwalejojin Ilmi ta Ƙasa a 1989, ita kuma ta shimfiɗa mafi ƙarancin ma'auni ga kowane darasi, ta raba Ingilishin gama-gari kashi-kashi a kan zangunan karatu. Galibi yanzu sai da kiredit a Ingilishi ake ɗaukar ɗalibi. A bisa takarda, mai wannan kiredit ya riga ya rubuta insha'i na wajen kalma 450 a jarrabawar gama sakandare, ya amsa tambayoyin fahimta, ya yi taƙaitawa. Jarrabawar JAMB kuwa, wadda tun 2015 da kwamfuta kaɗai ake yin ta, ba ta neman ɗalibi ya rubuta ko jimla ɗaya, zaɓi ne tsakanin amsoshi huɗu. Mu malaman kwaleji mun san sau nawa muke karɓar mai kiredit wanda ba ya iya cika rabin shafi. Yadda aka yi ya sami kiredit ɗin wata magana ce da ta cancanci takarda tata dabam. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, manhajar darasinmu an gina ta ne bisa zaton cewa shaidar nan gaskiya ta faɗa. Saboda haka sai ta fara daga inda ɗalibi bai iso ba: nau'o'in insha'i, da rubutun rahoto, da yadda ake ambaton madogara.

A nan ya kamata in faɗi laifinmu. Da aji ya cika ya batse, mu ma sai muka koma ga canki-canka da cike gurbi, domin su ne ake iya dubawa cikin kwana biyu. Ɗalibi yana iya cin darasin insha'i da maki mai kyau ta hanyar haddace ma'anar insha'i da kashe-kashensa. Zai gaya maka akwai na labari da na siffantawa da na bayani da na muhawara, ba tare da ya taɓa rubuta ko ɗaya ba. Hadda kuwa ita ce abin da ya fi gwanancewa a kai tun daga tsangaya, mu kuma muka ba shi jarrabawar da ba ta neman kome sai ita. Wayar hannu ta ƙara sauƙaƙa kwafi, har ma akwai manhajojin da ke tsara wa mutum insha'i sukutum, amma ba ita ta kawo cutar ba, ta tarar da ita ne. Hasali ma a wayar ne ɗalibanmu suka fi yin rubutun kansu. Duk mai duba Facebook zai ga samari da 'yan mata suna ta muhawara da Hausa, da hujjoji da raddi, ko da yake ƙa'idojin rubutu sun sha kashi. Haka nan littattafan soyayya da suka ɓarke a Kano tun tsakiyar shekarun 1980 sun nuna cewa masu karatu suna nan, idan an ba su abin da suke fahimta.

Dalilin da ya sa abin ya fi tsanani a kwalejin ilmi shi ne, NCE ce mafi ƙarancin shaidar da doka ta yarda malami ya riƙe. Ɗalibin jami'a da bai iya insha'i ba kansa ya cuta. Namu kuwa, nan da shekara uku zai tsaya gaban 'yan aji uku a wata firamare a ƙasar Gwaram, kuma abin da bai taɓa yi ba, ba zai sa su su yi ba. Nan da shekara goma sha biyu waɗannan yara su ne za su zauna a gabanmu.

Abin da na gwada, da abin da nake roƙo

A zango biyu da suka wuce na gwada wani abu a ƙaramin rukuni. Makonni huɗu na farko na sa ɗalibai suna rubuta shafi ɗaya da Hausa kowane mako, a kan abin da suka sani da idonsu: rikicin iyakar gona, ko yadda ake haƙa rijiya, ko ambaliyar da ta taɓa cin garinsu. A kan wannan rubutu nasu muka koyi sakin layi da jeranta hujja. Sa'an nan a mako na biyar na ce kowa ya zaɓi ɗaya ya sake rubuta shi da Ingilishi, ba fassara ba, sabon rubutu. Nahawunsu na Ingilishi bai gyaru cikin dare ɗaya ba, kuma ba zan yi wa wannan taro ƙarya in ce ya gyaru ba. Amma takardun sun zama suna da kai da gindi, kuma kwafi ya ragu ƙwarai, saboda babu littafin da za a kwafo labarin rijiyar unguwarsu daga ciki. Wani abokin aikina ya ce mini wannan aikin sashen Hausa ne, ba na nazarin gama-gari ba. Amsata ita ce ƙa'idojin rubutu da insha'in Hausa a yanzu ɗaliban da suka zaɓi Hausa kaɗai ke yin su, alhali mai karanta lissafi ko kimiyya shi ma da Hausa zai yi wa yaran ƙauye bayani.

Don haka nake roƙon masana da ke wannan zaure su duba yiwuwar a nemi hukuma ta sa insha'i da babban harshen yanki cikin zangon farko na nazarin gama-gari, a kuma wajabta wa kowane ɗalibi karanta cikakken littafi aƙalla biyu a shekarar farko, ɗaya na Hausa ɗaya na Ingilishi, ba guntayen shafuka da aka ɗauko hoto ba. Haka kuma a cikin maki 40 na ayyukan aji a ware kaso mai tsoka wanda ba za a same shi ba sai da rubutun da aka yi a gaban malami, aka duba, aka mayar, aka sake rubutawa.

Na san inda gizo ke saƙa. Duba takarda ɗaya da gyara ta yadda mai ita zai amfana yana cin minti goma, in an yi sauri. Malamin da ke da ɗalibai 300 zai buƙaci sa'a 50 don aiki guda ɗaya tak, ban da sauran darussansa da duba masu koyon aikin koyarwa. Idan ana son kowane ɗalibi ya yi rubutu huɗu a zango, sa'a 200 ke nan. Saboda haka kafin a ƙara ko layi ɗaya a manhaja, sai hukumomin kwalejoji sun yarda a raba wannan darasi rukuni-rukuni, kada rukuni ya wuce mutum 40, kuma a lasafta sa'o'in duba takardu cikin nauyin aikin malami kamar yadda ake lasafta sa'o'in shiga aji.